Marmarin Tudu

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Laraba Baba ya shigo gida, riƙe da 'yar jakar da ya fita da ita jiya da yamma, fuska a murtuke. Bai amsa sannun Inna ba. Ya wuce falo ya zauna a kujerarsa, ya cire takalmi ɗaya ya bar ɗayan a ƙafa.

"A kira min Auta."

Auta tana ɗaki tana guge rigar aikinta. Shekararta ashirin da tara, ita ce shugabar masu gyaran ɗakuna a otal ɗin da Baba ya shekara talatin da ɗaya yana tsaye a kantar karɓar baƙi. Mata goma sha huɗu ne a ƙarƙashinta, kuma ba wadda ke ɗaga mata murya. Amma da ta ji yadda ya kira ta, sai da dutsen guga ya kusa suɓuce mata.

Ta fito ta durƙusa gefen kujera.

"Ina kwana, Baba. An dawo lafiya?"

"Daga teku nake," in ji shi. "Na tsallake hadari, na kusa nutsewa, duk a bayan tashar mota."

Ta san inda ya kwana.

Wata bakwai ke nan tana roƙon Baba ya ba mutumin da take so izini ya zo ya gaishe shi, Baba yana cewa shi ba zai zauna da ɗan wasan kwaikwayo ba. Kyaftin kowa ke ce wa mutumin, alhali ko kwalekwale bai taɓa tuƙawa ba. A wani gidan kwana yake aiki da ake kira Jirgin Ruwa, tsohon sito ne da aka gyara cikinsa ya koma kamar jirgin fasinja na zamanin da. In mutum ya kama ɗaki ya shiga da yamma, ba ya fitowa sai da safe, kuma tsakanin shigarsa da fitarsa matafiyi ne a tsakiyar teku. Kowane ma'aikacin gidan da matsayinsa a cikin labarin. Shi ne shugaban jirgin.

"Baba, da ka faɗa min za ka je…"

"In faɗa miki, ki buga masa waya ya shirya min ƙarya mai kyau? To ko ban faɗa ba ya shirya ta."

Inna ta ajiye masa kofin shayi. "Malam, sha tukuna."

"Zauna ki ji, ke ma ki san inda 'yarki ke son kai mu. Na isa ƙofa na ce a ba ni makulli. Wata yarinya ta ce a'a, tikiti ake bayarwa. Ta karɓe wayata ta kulle a akwati. Ta liƙa min takarda a ƙirji, wai daga yanzu ni ɗan kasuwar auduga ne, ina tafiya neman ƙanina da ya ɓata. Ni da ba ni da ƙani! Na ce yarinya, barci na zo yi. Ta ce min barka da hawa jirgi."

Inna ta kai gefen mayafi ta rufe baki.

"Dariya kike yi? Na shiga ɗaki na buɗe labule in ga titi, sai ruwa. Allon talabijin suka kafa a gurbin taga, ruwa yana ta kai da kawo. Gadon kuma motsi yake. Wallahi motsi yake, kamar an ɗora shi a bayan mota. Na kishingiɗa ke nan aka kaɗa ƙararrawa, wai kowa ya fito cin abinci da Kyaftin. Na ce a kawo min nawa ɗaki, aka ce a jirgi ba a yin haka. Ana cikin ci wata mata ta kurma ihu wai an sace mata sarƙa, aka ce kowa ya tashi a nema. Ni da furfurata ina leƙen ƙarƙashin tebur!"

Ya ɗauki shayin ya mayar bai sha ba.

"Shekara talatin da ɗaya ina aikin otal. Baƙo ya zo, ka ba shi makulli, ka nuna masa ɗaki, ka rabu da shi. Zanen gado fari, ruwan zafi, shiru. Otal na kirki shi ne wanda baƙo zai tashi da safe ya manta akwai mutane a cikinsa. Waɗannan kuwa, ka je hutu su ba ka aiki."

"Ai abin da ake zuwa nema ke nan, Baba," in ji Auta a hankali. "Mai son barci wurinmu yake zuwa. Can labari ake shiga, kowa ya san…"

"Ban gama ba."

Ya ci gaba.

"A teburin na gan shi. Farar kwat, hula mai zaren gwal, yana tafe kamar shi ya haƙa tekun. Ya gane ni. Na san ya gane ni, don cokalin hannunsa ya tsaya. Na ce madalla. Na dube shi a gaban mutum takwas na ce, samari, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni gaskiya. Kana da mata?"

Auta ta runtse ido.

"Ya ce, ina da ita, ranka ya daɗe, tana jirana a tashar da za mu sauka, da 'ya'yanmu biyu. Har da nuna min hotonta a bango."

"Zane ne, Baba! Babu wata mata. A cikin labarin ne kawai…"

"Na san zane ne. Kin ɗauke ni yaro? Na san babu mata, babu teku, babu auduga. Ba matar ce ta dame ni ba, idonsa ne. Na kalli idon nan, ko ƙiftawa bai yi ba. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya san ni ne uban wadda yake nema, ya san abin da ya kawo ni, ya shimfiɗa min ƙarya sumul kamar zanen gadon da kika goge. Gobe in ya ce miki aiki ne ya riƙe shi, da wane ido za ki gane?"

Tambayar ta shige ta.

"Sannan ya ƙara min da raini. Sau uku yana ce min, ko fasinja yana marmarin tudu ne? Ko fasinja yana marmarin tudu ne?"

Auta ta ɗago da sauri. "Me ka ce masa?"

"Na ce a kan tudu nake, shi ma a kai yake, in ya manta."

"Baba, ba su ba ka wani kati a ƙofa ba? Shuɗi, ɗan ƙarami?"

"Sun ba ni, na jefa shi a durowa. Shekara nawa ina ajiye wa mutane irinsa? Na san abin da ke ciki. Lokacin karin kumallo da hanyar fita in gobara ta tashi. Wa ke karantawa?"

"Wallahi ba shi ne a ciki ba. Da ka…"

"Ya isa!" Ya cire ɗaya takalmin ya jefar. "Gari na wayewa na nemi ƙofar gobarar na fita, ban jira saukarsu ba. Na gama magana a kan yaron nan. Ban ce dole ki auri wani ba, ke ba yarinya ba ce. Amma da yawuna ba za ki auri wanda ƙarya ce sana'arsa ba. Manajan otal ɗinmu ya daɗe yana min magana a kanki, ni nake ja masa rai saboda ke. Ranar Asabar manyansa za su zo mu gaisa. Kin ga dama ki fito, kin ga dama ki ba ni kunya."

Ya tashi ya shige ɗaki.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba ta da daɗi. Iyaye da yawa in za su je binciken mai neman 'yarsu, da hukuncin a aljihu suke tafiya, shaida kawai suke nema. Baba mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Amma mutumin da ya daɗe a aiki ɗaya yakan ɗauka duk duniya irin wurin aikinsa ce.

*

Da rana, lokacin hutun ma'aikata, Kyaftin ya zo ƙofar baya ta otal, inda motar wanki ke sauke zannuwa. Babu kwat, babu hula. Tsohuwar riga ce a jikinsa, idonsa ja wur, bai yi barci ba. Ya kafe babur ɗinsa ya tsaya nesa kaɗan.

Auta ta fito da tawul guda a kafaɗa, ba ta gaishe shi ba.

"Kana da mata, ashe. Da 'ya'ya biyu. Allah ya raya."

"Haba, Auta."

"Kada ka ce min haba. Wata bakwai ina lallashin mutumin nan. Wata bakwai! Ka rusa min a cikin numfashi ɗaya."

"Kalma ɗaya fa," in ji shi. "Ke kin san dokar gidan. Duk baƙon da ke son fita daga labari, tudu kawai zai ce. Nan take in ajiye hula, in kai shi ɗakin da ke da tagar gaske, mu yi magana mutum da mutum. Yana nan a rubuce a katin. Sau uku ina miƙa masa kalmar a baki."

"Kai ba ka da naka bakin? Sai shi zai faɗa?"

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Akwai wani dattijo a teburin. Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne na gaske, tsufa ya cinye masa tunani, ko 'ya'yansa ba ya ganewa sosai. Su suka kawo shi. Tunda ya shigo ya ji ƙararrawa ya ga ruwa, ya miƙe zaune, ya shiga koya min yadda ake karanta iska. 'Yarsa tana gefe tana share hawaye, ta ce shekara biyu ba su ji ya yi doguwar magana haka ba. Yana kusa da ni, Auta, kafaɗarsa tana taɓa tawa. In ce a gabansa babu jirgi?"

Ta kau da kai.

"Kuma in na karya labari ba wanda ya ce tudu, aikina ya ƙare. Ba zan ɓoye miki ba, wannan ma ya zo min a rai. Amma ba shi ya riƙe ni ba."

"Bayan an tashi fa?"

"Na cire hula na je na ƙwanƙwasa masa ƙofa. Na ce Baba, ni ne, ba Kyaftin ba. Ya ce min daga ciki, wannan ma yana cikin shirin ne? Ya murza makulli."

Dariya ta so kuɓuce mata, sai kuka ya riga ta. Ta danna tawul ɗin a fuska.

Ita ta san abin da gidan nan ke yi wa mutum. Bara ƙawayenta suka ja ta can. Shekara shida aikinta shi ne ta shiga ɗaki bayan baƙo ya fita, ta share duk wata alamar cewa ɗan Adam ya kwana a ciki, ita ma kada ta bar tata. In baƙo ya haɗu da ita a baranda, ta cikinta yake kallo kamar gilashi. A can kuwa aka liƙa mata takarda aka ce ita ce likitar jirgi. Mutane suka riƙa tsayar da ita suna neman shawararta. Ta yi gardama, ta yi dariya, ita ta gano ɓarawon sarƙa. Da safe ta fito a gajiye, amma ji take kamar ta yi tafiyar wata guda. Ɗaruruwan ɗakunan otal ta gyara, ba ta iya tuna ko ɗaya. Wancan ɗakin har yau tana tuna ƙarar gadonsa.

Amma tambayar Baba tana nan daram a ƙirjinta.

"Ya ce idonka bai ƙifta ba," in ji ta cikin kuka. "Ya ce da wane ido zan gane in ka yi min ƙarya. Na rasa amsa. Ka ji? Na rasa amsa! Ranar da ka ce kana sona, wace hula ce a kanka?"

Kamar ta mare shi. Ya ja baya taku ɗaya.

"Ke ma?"

"Ni ma. Me ya sa ba ni ba? Kullum kana kallon zane kana cewa matarka ce har mutane su yi hawaye."

"Su sun san zane ne. Sun zo ne don a gaya musu haka, kuma kalmar fita tana hannunsu. Ƙarya ita ce wadda ba a ba ka ƙofar fita ba. Ke na taɓa rufe miki ƙofa?"

Ta mayar da tawul ɗin kafaɗa.

Ya zaro shuɗin kati daga aljihu ya ɗora a kan kwandon wanki.

"Ki ba shi. Ya karanta kawai."

"Ba zai karanta ba. Ranar Asabar manyan Manaja za su zo."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya hau babur ya tafi, ko sallama bai yi ba.

*

A hawa na biyu ta ci karo da Manaja yana shafa saman ƙofa da yatsa, yana duba ƙura. Ba mugu ba ne, kada a zalunce shi. Mutum ne tsaf, mai zuwa a kan lokaci, takalminsa kullum yana sheƙi.

"Na ji Baba ya sa mana rana," in ji shi yana murmushi. "Ki kwantar da hankalinki. Ni ba ni da wani labari. Abin da kika gani shi ke nan, yau da gobe da jibi."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"An ce wancan gidan har gado suke girgiza wa mutane. Mu a nan in gado ya yi motsi, kafinta muke kira." Ya yi dariya shi kaɗai.

"Famfon ɗaki na tara yana yoyo," in ji ta, ta tura kurar kayan aikinta ta wuce.

Tana tafe tana jin haushin kanta. Mutumin bai faɗi abin laifi ba. Kamar ɗakunansu yake, fes, komai a wurinsa, ka kwana ka tashi ka manta.

Ranar Alhamis ta sauko ƙasa karɓar jerin ɗakunan da za a gyara, ta tarar da wani baƙo yana zazzaga wa Baba masifa a kan ruwan zafi. Har tsohon banza ya ce masa. Baba ya ɗan rusuna, murmushi bai bar fuskarsa ba.

"Ka yi haƙuri, yallaɓai. Mun ji daɗin zuwanka ƙwarai, muna fatan za ka sake dawowa."

Auta ta tsaya ƙyam tana kallon idonsa.

Da yamma a gida, yana shan shayi, ta durƙusa ta ajiye katin a kan tebur. Ko kallonsa bai yi ba, ya ɗora kofi a kai.

"Baba, in yi tambaya?"

"In ta yaron nan ce, a'a."

"Mutumin da ya zage ka ɗazu. Ka ji daɗin zuwansa?"

Ya dube ta.

"Ka ce masa ka ji daɗi. Ka ce kana fatan ya dawo. Ina tsaye, Baba. Idonka bai ƙifta ba."

"Ke! Wannan ladabin aiki ne."

"Nasa fa?"

"Ni kike haɗawa da ɗan wasa? Ni?" Muryarsa ta cika falon. "Na tsaya a kantar nan ƙafata ta kumbura don ki yi karatu, yau ki kira ni maƙaryaci?"

"Ban ce ba, Baba, wallahi ban ce ba. Kai mai gaskiya ne, shi ya sa nake cewa…"

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi da gudu. Inna ta bi ta ɗaki ta same ta kife a kan gado.

"Kin yi gaskiya, kin kuma yi wauta," in ji Inna. "Ana gaya wa namiji irin wannan yana riƙe da kofi? Shekara talatin da biyar ina tare da ubanki, ban taɓa cin gardama da shi ta baki ba."

"To ya zan yi, Inna? Jibi ne fa."

"Share fuskarki. Ki bar min katin."

Da safe Inna ce ta goge masa kwat ɗin aiki. Ta zura katin a aljihun ƙirji, inda yake ajiye tabarau, ba ta ce wa kowa komai ba.

*

Ranar Juma'a ƙarfe huɗu na yamma, falon otal ya cika da masu sauka. Auta tana gefen matakala tana jera tawul a kura, Manaja yana tsaye kusa da kanta yana duba agogo. Ƙofar gilashi ta buɗe, Kyaftin ya shigo da 'yar jaka a hannu. Ta babbar ƙofa ya shigo, kamar kowane baƙo, ya bi layi.

Auta ta bar jera tawul ta bi shi da kallo.

Layi ya zo kansa. Baba ya ɗago kai. Na ɗan lokaci fuskarsa ta ɗaure, sannan murmushin shekara talatin da ɗaya ya dawo wurinsa.

"Barka da zuwa, yallaɓai. Kwana nawa?"

"Ɗaya."

Baba ya tura masa fom da biro. Kyaftin ya cike, ya rubuta sunansa na yanka, da unguwarsu, da lambar waya. A gurbin sana'a ya rubuta, ɗan wasa. A gurbin yawan masu kwana ya rubuta, ni kaɗai. Ya mayar.

Baba ya ciro makulli. "Ɗaki na goma sha biyu, hawa na ɗaya. Mun ji daɗin zuwanka."

Kyaftin bai karɓa ba. Ya rage murya.

"Baba, don Allah, minti biyar kawai. In yi maka bayani."

"Yallaɓai," in ji Baba, murmushin bai gusa ba, "a kan kantar nan ni ba uban kowa ba ne, ma'aikaci ne. Ga mutane a bayanka, haƙƙinsu yana kaina. In akwai wata magana, sai na tashi aiki."

Sumul ya faɗe ta. Muryarsa ba ta yi rawa ba.

Kyaftin bai gusa ba. Kallonsa kawai yake yi.

Sai hannun Baba ya tsaya a sama da makullin, kamar yadda cokali ya tsaya a hannun Kyaftin ranar Talata. Ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Auta ta ga kunnensa ya motsa.

Don ya sami abin yi, ya kai hannu aljihu zai ciro tabarau ya duba fom. Katin ya biyo tabarau ya faɗo a kan kanta, da shatin gindin kofin shayi a jikinsa. Ya kalle shi. Wata mata da ke bayan Kyaftin da babban akwati ta yi gyaran murya.

Baba ya sa tabarau ya karanta. Layi uku ne kacal. Duk lokacin da kake son a yi maka maganar gaske, ba ta labari ba, ka ce tudu. Kowane ma'aikaci zai ajiye matsayinsa nan take. Ba sai ka ba da dalili ba.

Babu karin kumallo a ciki, babu gobara.

Ya sake karantawa. Sannan ya juya wajen Manaja.

"Ranka ya daɗe, a riƙe min kanta minti biyar."

Manaja ya buɗe baki. Tunda ya zo otal ɗin bai taɓa ganin Baba ya bar kanta a lokacin aiki ba, ko waɗanda suka riga shi ba su taɓa gani ba. Baba ya miƙa masa makullin, ya ɓalle bajon aiki da ke ƙirjinsa ya kife a kan fom, ya zagayo. Ya ja Kyaftin gefen matakala, taku uku daga inda Auta ke tsaye da tawul a hannu.

Baba ya yamutsa fuska, kamar mai shirin haɗiye magani mai ɗaci.

"Tudu," in ji shi. "Haka ake cewa?"

"Haka ne, Baba."

"To. Kana da mata?"

Mutumin da ke tsayawa gaban baƙi kullum yana ba da umarni a tsakiyar hadari, sai ga shi ya ƙanƙame jakarsa. Gumi ya keto masa a goshi.

"Ba… ba ni da ita, Baba. Ban taɓa yi ba. Ita… Auta nake…" Maganar ta sarƙe. Ya sunkuyar da kai, ya ɗago, idonsa yana ta ƙifce-ƙifce.

"Hm," in ji Baba. "Ashe kana ƙiftawa."

Auta ta cusa tawul a baki.

"Kada ka yi murna, ban ce na yarda ba. Har yanzu ban ga dalilin da mai hankali zai bar gado lafiyayye ya je ya kwana a mai motsi ba. Kuma gobe ina da baƙi ƙarfe sha ɗaya, na ba da baki, ba zan janye ba." Ya ɗan waiga wajen Manaja, wanda ke tsaye riƙe da makullin ɗaki na goma sha biyu, ya daina duba agogo, kowace kalma ta shiga kunnensa. "Ka zo ƙarfe tara. Kai kaɗai. Ba hula."

"Na gode, Baba. Allah ya…"

"Ban gama ba. Dattijon nan na teburinku, mai maganar iska. Ya sauka lafiya?"

"Lafiya lau. Sai da ya sara min kafin ya fita."

Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya juya ya ga Auta, hawaye yana bin kumatunta.

"Ke kuma me kike yi a nan? An sa tawul a sha biyu?"

"An sa, Baba."

Ya koma bayan kanta, ya karɓi makullin daga hannun Manaja ba tare da sun haɗa ido ba, ya maƙala bajonsa, ya gyara kwat. Matar mai akwati ta matso tana huci, ta ce minti goma ke nan tana tsaye, wannan wane irin otal ne.

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe," in ji Baba. "Mun ji daɗin zuwanki ƙwarai."

Wannan karon, Auta ta gani da idonta, sai da ya ƙifta.